Yadda Ake Gyara Sabar Linux Idan Faifai Ya Cika ko Tsarin Fayil Ya Lalace

Masu kula da sabobi sun yi ta aiko mini da tambaya iri guda: shafi ya tsaya, rumbun bayanai ya ƙi tashi, allo yana nuna "No space left on device" ko "Read-only file system", to daga ina za a fara? Wasu kuma sai an ɗauke wuta an maido, sabar ta ƙi ƙarasa kunnuwa, ta tsaya a baƙin allo tana neman a gudanar da fsck, manhajar duba tsarin fayil da gyara shi, da hannu.

Cututtuka biyu ne masu kama da juna. Ɗaya faifai ne ya cika, ɗaya kuma tsarin fayil ne ya lalace, wani lokaci ma faifan kansa ne ke kan hanyar mutuwa. Umarnin gyaran ba su da yawa. Abin da ke ceton bayanai shi ne jerin da ka bi: ka duba kafin ka taɓa, ka kwafa kafin ka gyara. Misalan nan na Ubuntu da Debian ne, inda Rocky Linux da AlmaLinux suka bambanta zan faɗa.

Abin da za ka tanada

Izinin root ko sudo, wato cikakken iko a kan sabar, da hanyar ganin allon sabar kai tsaye. Idan injin yana ofishinku, allo da kibod sun wadatar. Idan haya kake yi a wurin wani kamfani, nemo inda allon gaggawa da yanayin ceto suke a shafinsu tun kafin rana ta ɓaci. Sai filashi mai ɗauke da SystemRescue ko Ubuntu da za a iya tayar da inji da shi, da faifan waje wanda girmansa ya fi na faifan da ke ciki.

Manhajojin duk kyauta ne: `smartmontools`, `lsof`, `ncdu`, `gddrescue`, `e2fsprogs`, `xfsprogs`. Saka su yau, sabar tana lafiya, domin ranar da faifai ya cika shi ma `apt` ba zai sami wurin rubutu ba. Kuɗin da za ka kashe na faifan waje ne da na UPS, na'urar batir da ke riƙe inji idan an ɗauke wuta, kuma farashinsu dala yake bi, don haka ka tambaya a kasuwa ranar da za ka saya. Idan faifan na hannu ne, duba layin `Power_On_Hours` da `smartctl` kafin ka biya. Shekara guda sa'o'i 8,760 ce, daga nan ka lissafa shekarun da ya yi yana juyawa.

1. Kada ka sake kunna ta tukuna

Hannu yana saurin kaiwa ga maɓallin kashewa, amma ka daure. Idan tsarin fayil ya koma na karatu kawai, saƙonnin da ke bayyana abin da ya faru ba su sauka a faifai ba, suna cikin ƙwaƙwalwar injin ne, kana kashewa sun tafi. Ga shi kuma faifan da ke jin jiki yana iya ƙin tashi a karo na biyu. Fara da wannan:

`dmesg -T | tail -60`

Ɗauki hoton allon da wayarka. Sannan ka karanta saƙon da idon basira, domin shi zai nuna maka hanyar da za ka bi.

"No space left on device" kaɗai, babu wani kuka daga kanel, wato zuciyar Linux da ke sarrafa injin: matsalar wuri ce, bi mataki na 2 zuwa na 7. "EXT4-fs error", "Remounting filesystem read-only", "Structure needs cleaning" ko "Metadata corruption detected": tsarin fayil ya taɓu, tsallaka zuwa mataki na 8. Idan kuwa ka ga "I/O error, dev sda, sector" da lamba a gabansa, ko layukan `ata1.00` suna ta maimaituwa, to zargi ya koma kan faifan ko wayarsa, kuma duk minti guda da ya yi a kunne yana da tsada, sai ka wuce mataki na 8 da na 9.

Gargaɗi: za ka ga ana ba da shawarar `mount -o remount,rw /` don a maido da rubutu. Kanel bai rufe rubutu a banza ba, ya ga ɓarna ne ya tsaya don kada ta yaɗu. Idan ka buɗe da ƙarfi kana ƙara rubutu a kan wurin da ya riga ya rushe.

2. Gano ɓangaren da ya cika

`df -hT`
`df -i`
`lsblk -f`

Na farko yana nuna girman kowane ɓangare da irin tsarin fayil ɗinsa, ext4 ne ko xfs. Rubuta wannan a takarda, za ka buƙace shi. Na biyu yana nuna inode, wanda za mu zo kansa a mataki na 6. Na uku yana nuna sunayen faifai da inda aka ɗora kowanne.

Nemi layin da ya kai 100%. Ba lallai ne ya zama `/` ba. Sau da yawa `/boot` ne, ko `/var`, ko `/tmp`. Alamar da ke saurin tona asirin `/tmp` ita ce ka danna maɓallin Tab don ƙarasa suna, sai ka ga "cannot create temp file for here-document".

Wani abu da ke rikita mutane: faifai mai 100G, an yi amfani da 95G, amma saura ya nuna sifili. Ba ɓata 5G ɗin ya yi ba. Tsarin ext4 yana keɓe kashi 5 cikin 100 ga root, shi ya sa kai kana iya rubutu da sudo alhali MySQL da Nginx sun kasa.

3. Bi sawun abin da ya cinye wurin

`du -xh --max-depth=1 / | sort -h`

Mafi girma zai fito a ƙasa. Shiga cikinsa ka maimaita, `/var`, sannan `/var/log` ko `/var/lib`, har ka kai ga mai laifin. Harafin `x` yana hana umarnin tsallakawa zuwa wasu faifan da aka ɗora, kada ka manta da shi. Idan kana da `ncdu`, to `ncdu -x /` ya fi sauƙi, da kibiyoyi kake yawo a ciki.

Wuraren da na fi samun matsalar su ne `/var/log`, `/var/lib/docker`, `/var/lib/mysql`, `/var/cache/apt`, da kuma wata folda a `/home` ko `/root` inda wani ya saita kwafin ajiya na kullum shekarun baya, bai saita mai share tsofaffin ba.

4. Share abin da ba shi da haɗari

Burinka a nan ka sami gigabait ɗaya ko biyu sabar ta numfasa, sauran gyara ya biyo baya.

Fara da ma'ajiyar fakiti: `apt clean`, ko `dnf clean all` a Rocky da Alma. Idan `/boot` ne ya cika da tsofaffin kanel, `apt autoremove --purge` zai kwashe su. Duba `uname -r` da farko don ka san wanda kake kai.

Sai rajistar systemd. `journalctl --disk-usage` zai faɗa maka abin da ta ci. Idan ba a saita mata iyaka ba tana iya kaiwa kashi 10 cikin 100 na ɓangaren, har zuwa 4G. `journalctl --vacuum-size=200M` zai rage ta nan take.

Tsofaffin fayilolin log, inda manhajoji ke rubuta abin da ke faruwa, masu ƙarewa da `.gz` ko `.1` za ka iya share su. Amma wanda ake rubutu a cikinsa yanzu, kamar `error.log` da ya kumbura ya kai 30G, kada ka sa masa `rm`. Karanta ƙarshensa da `tail -100` tukuna, domin a nan dalilin kumburin yake, galibi kuskure guda ne da ake maimaitawa dare da rana. Bayan nan ka zubar da abin da ke ciki ka bar fayil ɗin:

`truncate -s 0 /var/log/nginx/error.log`

Idan Docker ne, `docker system df` zai nuna rabon, `docker system prune` kuma ya share kwantenonin da aka tsayar da sauran tarkace.

Gargaɗi: kada ka ƙara `--volumes` a wannan umarnin sai ka san abin da ke cikin kowanne. Rumbun bayanan mutane da yawa a nan yake zaune.

Gargaɗi na biyu, kuma wannan ya fi damuna: cikin foldar rumbun bayanai ba wurin sa hannu ba ne. A MySQL akwai `ibdata1` da fayiloli masu farawa da `ib_logfile` ko `binlog`. A PostgreSQL akwai `pg_wal`, wanda kafin sigar 10 ake kira `pg_xlog`. Mutum ya ga kalmar log ya ɗauka shara ce, ya share, rumbun ya ƙi tashi har abada. Idan binlog ne ya taru, MySQL 8.0 yana ajiye na kwana 30 idan ba a canza ba, to daga cikin MySQL ɗin ake rage shi:

`PURGE BINARY LOGS BEFORE NOW() - INTERVAL 3 DAY;`

Idan akwai wata saba da ke kwafa daga wannan, tabbatar ta gama karanta su kafin ka share.

A ɓangaren da ke ɗauke da bayanai zalla, ba `/` ba, za ka iya rage kason root da `tune2fs -m 1 /dev/sdb1`. A faifai mai terabait 1 wannan zai sako maka kusan 40G. A kan `/` kuwa ni ban cika taɓa shi ba, domin wannan kason ne ke ba ka damar shiga ka yi gyara ranar da komai ya toshe.

5. Idan df da du sun saɓa

Ka share fayil mai 30G, ka duba `df`, har yanzu 100%. Ko `du` ya ce 40G aka ci, `df` ya ce 95G. A Linux, idan wata manhaja tana riƙe da fayil a buɗe, share sunansa ba ya sakin wurin sai ta sake shi. Ga yadda ake kama shi:

`lsof +L1`

Za ka ga sunan manhajar, lambarta, girman fayil ɗin, da alamar cewa an share shi. Mafi tsabta shi ne ka sake tayar da manhajar, misali `systemctl restart nginx`, wurin zai dawo a take. Idan ba za a iya tsayar da ita ba, ɗauki lambar da ke ƙarƙashin PID da ta ƙarƙashin FD. A ce 1234 ne da 7:

`truncate -s 0 /proc/1234/fd/7`

Ka yi wannan ga fayil ɗin log kawai. Rumbun bayanai ma yana riƙe fayilolin wucin gadi da aka share da gangan, idan ka zubar da su ka jawo wa kanka aiki.

Dalili na biyu na saɓanin ya fi ɓoyewa. An saita kwafin ajiya ya riƙa sauka a `/mnt/ajiya`, wata rana faifan waje bai ɗoru ba, kwafin ya zube a kan `/`. Da aka sake ɗora faifan sai ya rufe su, `du` ba ya ganinsu. Leƙa ƙarƙashi haka:

`mkdir /tmp/tushe`
`mount --bind / /tmp/tushe`
`du -xh --max-depth=2 /tmp/tushe/mnt`

Idan ka gama, `umount /tmp/tushe`.

6. Akwai wuri amma an ce babu

`df -h` ya nuna 60%, amma ko ƙaramin fayil ya ƙi rubutuwa. Koma kan `df -i`. Kowane fayil, komai ƙanƙantarsa, yana cin inode guda, wato katin da ke ɗauke da mai fayil ɗin da girmansa da wurin da yake. Kamar sito ne mai fili amma littafin shigar da kaya ya cika, ko buhu ɗaya ba zai ƙara shiga ba. A ext4 tun ranar da aka tsara ɓangaren ake yanke adadinsu, galibi guda ɗaya ga kowane bait 16,384, wato kusan miliyan 1.3 a ɓangare mai 20G.

`du --inodes -x --max-depth=3 / | sort -n | tail -20`

Yawanci za ka tarar da `/var/lib/php/sessions`, ko layin wasiƙu a `/var/spool`, ko foldar ma'ajiyar wucin gadi ta wata manhajar yanar gizo. `rm *` zai ƙi, ya ce "Argument list too long". Yi amfani da `find`:

`find /var/lib/php/sessions -type f -mtime +7 -delete`

Gudanar da shi ba tare da `-delete` ba da farko, ka ga jerin da idonka. Kuma `-delete` a ƙarshen layi yake zama. Idan ka sa shi a gaba zai share komai kafin ya duba sharaɗin.

Idan wuri da inode duk lafiya lau, kuma saƙon bai daina ba, duba `sysctl fs.inotify.max_user_watches`. Cikar wannan iyakar ma da wannan saƙon take fitowa, ɗaga lambar shi ne magani.

7. Ƙara girman ɓangaren

Wani lokaci babu abin sharewa, bayanan ne suka yi yawa. Kafin ka sayi komai buga `vgs`. Manhajar da ke saka Ubuntu Server, idan an zaɓi LVM, wato tsarin raba faifai da ke ba da damar ƙara girman ɓangare, sau da yawa ba ta bai wa `/` faifan duka, sai ka tarar da fili zaune a ƙarƙashin `VFree` ba wanda ya sani.

`lvextend -r -l +100%FREE /dev/ubuntu-vg/ubuntu-lv`

Harafin `r` yana faɗaɗa tsarin fayil ɗin tare, ba sai an kashe sabar ba. A sabar haya, bayan ka biya an ƙara maka girma, sai `growpart /dev/sda 1`, da tazara tsakanin sunan da lambar, sannan `resize2fs /dev/sda1` ga ext4 ko `xfs_growfs /` ga XFS. Ɗauki hoton faifan, wato cikakken kwafinsa, daga shafin kamfanin kafin ka fara. Ka kuma sani XFS ƙaruwa yake yi, ba a rage shi.

8. Auna lafiyar faifan kafin gyara

Daga nan mun shiga ɓangaren lalacewa, kuma a nan ne gaggawa ke cinye bayanai. fsck yana karanta faifai da yawa yana kuma rubutu. Idan faifan na mutuwa, wannan wahalar ce za ta ƙarasa shi.

`smartctl -a /dev/sda`

Kada kalmar PASSED da ke sama ta kwantar maka da hankali, faifai yana iya nuna ta yana kan gargara. Sauka ƙasa ka duba lambar ƙarshen layi a waɗannan: 5 `Reallocated_Sector_Ct`, 197 `Current_Pending_Sector`, 198 `Offline_Uncorrectable`. Idan 197 ko 198 sun wuce sifili, ko 5 tana hawa tsakanin dubawa biyu, faifan ya gama aiki a saba. Idan kuwa 199 `UDMA_CRC_Error_Count` ce kaɗai ke hawa, galibi wayar SATA ce ta saki ko ta lalace, canza ta ya fi komai araha. A faifan NVMe duba `Percentage Used`, `Available Spare` da `Media and Data Integrity Errors`.

Mai RAID na manhaja, wato faifai biyu ko fiye da aka haɗa suna aiki kamar ɗaya, ya duba `cat /proc/mdstat`. `[UU]` lafiya, `[U_]` ɗaya ya faɗi. A sabar haya ba za ka ga SMART, wato wannan rahoton lafiyar faifan, na gaskiya ba, sai dai ka tura wa kamfanin hoton `dmesg` ɗin da ka ɗauka.

9. Kwafa tukuna

Idan faifan yana karantuwa, tsarin fayil na karatu kawai ba ya hana kwafa. Fara da abin da ba za a iya sake samu ba, rumbun bayanai da fayilolin mutane da `/etc`:

`rsync -aHAX /etc /var/www /var/lib/mysql /mnt/ajiya/`

Tsayar da MySQL kafin ka kwafi foldarsa.

Idan SMART ya nuna rauni, ko `rsync` yana tsayawa da "Input/output error", kashe injin, tayar da shi da filashi, ka ɗauki hoton faifan gaba ɗaya. A ce mara lafiyan shi ne `sdb`:

`ddrescue -n /dev/sdb /mnt/ajiya/sdb.img /mnt/ajiya/sdb.map`
`ddrescue -d -r3 /dev/sdb /mnt/ajiya/sdb.img /mnt/ajiya/sdb.map`

Zagayen farko yana kwashe wurare masu lafiya da sauri ya tsallake masu wuya. Na biyu yana komawa kan masu wuyar sau uku. Fayil ɗin `.map` shi ne ke tuna inda aka tsaya, ko an ɗauke wuta ka maimaita umarnin zai ci gaba daga nan. Faifai mai terabait 1 yakan ci sa'o'i ko yana lafiya, mai rauni kuwa yana iya kwana biyu. Tanadi wutar da za ta riƙe shi.

Gargaɗi: da filashi sunayen faifai suna canzawa, wanda ka sani da `sda` yana iya zama `sdb`. Tabbatar da `lsblk -o NAME,SIZE,MODEL,SERIAL` kafin kowane umarni. Wanda ake kwafa daga gare shi ne ke zuwa farko.

Bayan haka a kan hoton za ka yi gyara. `losetup -Pf --show /mnt/ajiya/sdb.img` zai ba ka suna irin `/dev/loop0`, ɓangarorinsa kuma `loop0p1`, `loop0p2`, su za ka sa a maimakon `/dev/sdb1` a matakan da ke gaba. Idan kuwa faifan yana ƙara ƙas-ƙas ko injin ba ya ganinsa sam, kashe shi ka kai wa masu ceto bayanai. Aikinsu da tsada, amma kowace kunnawa tana rage abin da za su iya cetowa.

10. Sauke ɓangaren, ka yi gwajin da ba ya rubutu

Ba a gyaran tsarin fayil yana ɗore. Kanel na rubutu ta gefe guda, fsck na rubutu ta ɗaya gefen, abin da zai fito ya fi na farko muni. Ga ɓangaren bayanai, tsayar da manhajojin sannan `umount /dev/sdb1`. Idan ya ce "target is busy", `fuser -vm /dev/sdb1` zai nuna mai riƙe da shi. Ga `/` kuwa sai ta filashi ko yanayin ceto. Idan sabar ta tsaya da kanta a allon `initramfs`, nan ma ya yi, domin ba a ɗora `/` ba tukuna, kuma saƙon da ke sama yana faɗin sunan ɓangaren. Mai LVM ya buga `vgchange -ay` don ɓangarorin su bayyana a `/dev/mapper`.

`e2fsck -fn /dev/sdb1`

Harafin `n` yana amsa a'a ga kowace tambaya, kallo kawai yake yi. Layuka kaɗan irin "Free blocks count wrong" ƙaramin abu ne, irin wanda ɗaukewar wuta ke bari. Idan kuwa allo yana ta gudu da ɗaruruwan "illegal block" da "multiply-claimed", ɓarnar babba ce, kada ka wuce nan sai kana da hoton mataki na 9.

11. Gyaran ext4

`e2fsck -f -C 0 -z /mnt/ajiya/sdb1.undo /dev/sdb1`

`-C 0` yana nuna inda aka kai. `-z` yana ajiye abin da aka canza a wani fayil, wanda `e2undo` zai iya mayarwa idan gyaran ya ɓata. Ajiye shi a wani faifan dabam. Karanta tambayoyin farko kafin ka amsa. Idan sun yi yawa kuma kana da kwafi, tsayar ka sake da `-y`. Ba ni son `-y` a hannun wanda ba shi da kwafi, domin aikin e2fsck shi ne daidaita tsarin, idan daidaitawar ta buƙaci zubar da fayil ɗinka zai zubar.

Da ya gama buga `echo $?`. Sifili babu kuskure, 1 an gyara, 2 an gyara a sake kunna inji, 4 akwai saura, 8 umarnin kansa ya gaza. Maimaita `e2fsck -f` har sai ya fita da sifili.

Idan ya ce "Bad magic number in super-block", kada ka firgita. Duba `blkid` tukuna. Sau da yawa mutum ya rubuta `/dev/sdb` a maimakon `/dev/sdb1`, ko ɓangaren `LVM2_member` ne, ko XFS ne. Idan da gaske ext4 ne, akwai kwafin wannan babban tubalin a warwatse cikin faifan. A tsarin da tubalinsa 4K ne, wanda shi ne aka fi samu, suna 32768, 98304, 163840:

`e2fsck -b 32768 -B 4096 /dev/sdb1`

Gargaɗi: ana koyar da `mke2fs -n` don ganin waɗannan lambobin. Yana aiki, amma idan `-n` ya zame daga hannunka sabon tsari zai shimfiɗa a kan bayananka. Gwada lambobin nan uku tukuna.

12. Gyaran XFS

Red Hat ta mayar da XFS tsarinta na asali tun sigar 7, Rocky da Alma ma haka. A nan `fsck` kusan ba ya yin komai, kayan aikin shi ne `xfs_repair`, kuma shi ma sai an sauke ɓangaren.

`xfs_repair -n /dev/mapper/rl-root`

Idan ka gamsu, cire `-n`. Zai iya ƙi, ya ce akwai canje-canje masu muhimmanci a rajistarsa da ba a ƙarasa ba. Abin da yake so shi ne ka ɗora ɓangaren sau ɗaya da `mount`, kanel ya ƙarasa su, ka sauke, ka sake gwadawa. Sai ɗorawar ta ƙi ne ake zuwa ga `xfs_repair -L`, wanda ke goge rajistar, rubuce-rubucen ƙarshe kafin faɗuwar su tafi tare da ita. Kada ka taɓa `-L` babu hoto a gefe.

Mai Btrfs ya nisanci `btrfs check --repair`, littafin umarnin da kansa ya yi kashedi a kai. Fara da `btrfs scrub`.

13. Bayan gyara

Ɗora ɓangaren da `mount -o ro` ka leƙa `lost+found`. Fayilolin da suka rabu da sunayensu nan ake zuba su, lambar inode ce ta zama suna. `file /mnt/gyara/lost+found/*` zai faɗa maka wanne hoto ne, wanne rubutu, wanne na rumbun bayanai. Mai fayil ɗin da ranarsa suna nan a `ls -l`, su ne za su taimaka maka gane gidansa.

Tsarin fayil mai tsabta ba ya nufin abin da ke cikin fayilolin lafiya yake. Gwada `mysqlcheck --all-databases` ga MySQL. Ga PostgreSQL gudanar da `pg_dumpall` zuwa wani faifan, idan ya kai ƙarshe babu kuka alama ce mai kyau. Fayilolin tsarin kuma `debsums -c` ko `rpm -Va` za su nuna waɗanda suka canza.

Idan SMART lafiya, ba a ɗauke wuta ba, amma ɓarnar ta dawo bayan mako guda, zargi RAM. Bar `memtest86+` ya kwana yana gudu.

14. Toshe hanyar dawowarta

A wurarenmu babban mai lalata tsarin fayil shi ne wuta, musamman 'yan daƙiƙun da ke tsakanin ɗaukewarta da tashin janareta ko juyawa zuwa inbata. UPS kaɗai bai isa ba idan batirinsa zai ƙare cikin dare ba kowa a ofis. Haɗa wayarsa ta USB da sabar, ka saka `nut` ko `apcupsd`, yadda idan batir ya yi ƙasa sabar za ta kashe kanta cikin tsari. Gwada shi da rana, zare filogin UPS daga bango ka tsaya ka gani. Zafin bazara yana cin batir yana cin faifai, ƙurar hunturu kuma tana toshe fanka, don haka ka riƙa duba layi na 194 a `smartctl`, wanda ke nuna zafin faifai, ka kuma bushe injin lokaci-lokaci. Kunna `smartd` ya riƙa aiko maka da saƙo.

Ta fuskar wuri, sa `SystemMaxUse=500M` a `/etc/systemd/journald.conf`. Kowace manhaja mai rubuta log ta sami fayil a `/etc/logrotate.d`. Docker ba ya yanke log ɗin kwantena idan ba ka ce ya yi ba, sai ka sa masa `max-size` da `max-file` a `/etc/docker/daemon.json`, kuma sababbin kwantenoni kaɗai saitin ke shafa. Saita faɗakarwa a 80%, ta wuri da ta inode duka. A `/etc/fstab` yi amfani da UUID, ka ƙara `nofail` ga faifan waje don rashinsa kada ya hana sabar tashi. Rubutun da ke yin kwafin ajiya kuma ya fara da `mountpoint -q /mnt/ajiya || exit 1`, shi ne maganin matsalar da muka gani a mataki na 5.

Akwai wata dabara mai arha da nake saka wa kowace saba: `fallocate -l 2G /ajiyar-gaggawa`. Fayil ne da ba komai a ciki. Ranar da faifai ya cika ka share shi, ka sami 2G na yin aiki cikin natsuwa, idan ka gama ka mayar.

RAID yana kare ka daga mutuwar faifai guda, amma ɓarnar tsarin fayil da kuskuren `rm` a kan faifan biyu suke sauka lokaci ɗaya. Kwafin ajiya ya zauna a wani injin, zai fi kyau a wani ginin. Sau ɗaya a wata ɗauko kwafin rumbun bayanai na daren jiya, zuba shi a wata kwamfuta, ka buɗe teburin da ya fi muhimmanci ka duba ko layin ƙarshe na jiya ne.